Lamba Shida da Bijimin Alhaji Ɗanige

Duk wanda ya ce muku aikin nan latse-latse ne, ku ce ya zo ya ɗauki jakata daga tashar Tambuwal zuwa bakin kasuwa. Idan ya kai kafaɗarsa ba ta sauko gwiwa ba, na bar masa aikin, in haɗa masa da babur ɗin. Saboda ku nake wannan magana, ku sababbin da aka ɗauka bana, don na ji ɗayanku yana cewa ai kula da kwamfutocin makarantu ba komai ba ne, a kashe a kunna, shi ke nan. Gaskiyarsa, ana kashewa ana kunnawa. Amma kafin ka kai ga abin da za ka kashe ɗin, sai ka ƙetare gulbi, ka gaisa da hedimasta, ka sha ruwa, ka ji tarihin ciwon bayansa tun daga tushe, sannan a tashi mutum ya bi wanda ya tafi gona da makullin ofis a aljihu.

Sunana Garba, amma daga Sanyinna har ƙauyukan Kebbe ba wanda zai gane wa kuke nufi sai kun ce Injiniya. Ban taɓa shiga ajin injiniyoyi ba ko don fakewa ruwa. Aikina shi ne in bi makarantu ina duba kwamfutoci da tabulet ɗin da aka raba wa malamai, in koya musu aiki da su, in kuma tsare su daga ɓarayin intanet, su da yaran da suke koyarwa.

Aikin farko da aka kawo a gabana rediyo ce. A lokacin ina koyon sana'a wurin Oga Rashidi, wani Bayarabe mai gyaran rediyo da kaset a bayan tasha, wanda ya fi ni iya Sakkwatanci nesa ba kusa ba. Wani dattijo ya zo daga Jabo da rediyonsa a naɗe cikin zane kamar jariri, ya ce ta daina magana. Na riga na ɗauki sukudireba, Oga ya buge mini hannu. Ya jawo benci ya zauna kusa da dattijon, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi gero, ya tambaye shi farashin awaki, sannan can a ƙarshe ya ce, “Baba, yaushe rabonka da sake mata batir?” Dattijo ya ce, “Batir? Ai wanda ya sai muna ita bai ce ana sake mata komi ba.” Daga ranar Oga ya kafa mini doka: ba a kwance komai sai mai shi ya gama labari. Na shekara ina sauraron labarai kafin ya bar ni in riƙe ƙarfen dalma. Daga rediyo na koma waya, daga waya na koma kwamfuta, har lokacin da aka kawo kayan zamani makarantu aka shiga neman wanda ya san na'ura, ya san hanya, kuma yana da babur da ba ya tsoron taɓo. Sharaɗi na ukun ne ya ba ni aikin.

Yanzu ku leƙa jakar. Akwai ƙananan sukudirebobi, akwai caja iri-iri da sun ishi a ɗaure raƙumi, akwai batirin ajiya mai nauyin tubali, akwai filash da na zuba darussa a ciki saboda garuruwan da sabis ke zuwa musu ziyara sau ɗaya kamar watan salla. Akwai tsohon buroshin haƙori na korar tururuwa daga cikin kwamfuta, don tururuwan Kebbe sun fi wasu malaman son ilimin zamani. Akwai leda babba ta damina. A jikin babur kuma ina ɗaure da doguwar gora, wadda nake maƙala 'yar na'urar intanet a kanta in ɗaga sama ina yawo a filin makaranta kamar mai kaɗo mangwaro, har in dace da inda sabis yake. Amma abin da ya fi komai aiki a jakar nan goro ne. Malamin da ya ɓata tabulet ba zai taɓa gaya maka abin da ya yi mata ba sai an fasa goro. Kafin goro, “haka kawai ta mutu.” Bayan goro, “to, gaskiya ta ɗan faɗa cikin kunu.”

Wata rana aka kira ni Dogon Daji, wai tabulet ɗin makaranta duk sun ƙi tashi. Na tarar malamar da aka damƙa wa su ta jera su cikin kabad, ta lulluɓe da sabon zane, ta sa kafur, ta kulle tun ranar da aka kawo su. Ta buɗe tana alfahari ta ce, “Duba, Injiniya, ko ƙwarzane babu.” Babu ƙwarzane kam, babu kuma numfashi. A wata makarantar hedimasta ya rubuta kalmar sirrin kwamfutar ofis a saman allo, kusa da kwanan wata, don kada a riƙa damunsa da tambaya. Akwai kuma malamar da na ce ta faɗa mini kalmar sirrinta in duba mata wani abu, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce ba za ta iya ba. Ashe sunan mijinta ta sa. Na ce, “Malama, ban taɓa ganin makulli mai ƙarfin wannan ba, ko da wuƙa ba za ki faɗa ba. Matsalar ɗaya ce, duk garin nan har awaki sun san sunan Malam.” Sai da muka zauna muka ƙirƙiro mata wata wadda ba ta da miji a ciki.

Haka nake fama da masu ɗaukar hotunan yara suna watsawa, da suna da aji da sunan makaranta. Ba na yi musu dogon turanci. Nakan ce, “Za ka manna hoton ɗiyarka a bayan motar da za ta Ikko, ka rubuta ƙofar gidanku a ƙasa?” Sai mutum ya shiga gogewa.

Duk waɗannan wasa ne. Shekarar da ta gwada ni ita ce shekarar da ruwa ya yi yawa har kwaɗi suka riƙa neman tudu. Batiran sola suka kumbura kamar sun ci wake, hanyar Kebbe ta yanke, kuma a cikin wannan hali ne ɓarayin waya suka gano malamanmu. Wanda suka fara kamawa shi ne mutumin da bai kamata a taɓa ba.

Malam Ummaru ke nan, malamin aji ɗaya a wata firamare a can cikin ƙasar Kebbe. Rabin garin shi ya koya musu riƙon fensir, ɗaya rabin kuma shi ya koya wa iyayensu. Idan an yi rikicin iyakar gona, shi ake kira, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Bai da shanu, bai da shago, rigunansa ma an san su ɗaya bayan ɗaya. Sunansa kawai yake da shi, amma sunan ya fi rumbu goma. Waya ta zo masa da tsufa, ya kuwa so ta, musamman koriyar manhajar nan ta hira. Ba ya rubutu a cikinta, sai saƙon murya. Idan Malam Ummaru ya aiko maka gaisuwa, ka nemi wuri ka zauna ka sa waya a caji, don zai tambayi matarka, da 'ya'yanka, da babur ɗinka, da ciwon da kakarka ta yi kafin ta rasu.

Na sha gaya musu a wurin horo: idan saƙo ya shigo wayarka da lamba shida a jere, wani kuma ya kira ya ce ka karanto masa, to ɓarawo ne. Ya sa lambar wayarka a tasa na'urar, an aiko maka makullin, yana so ka miƙa masa da hannunka. Malam Ummaru yana layin gaba ranar da na faɗi wannan, har yana gyaɗa kai. Amma ranar da aka kira shi, wanda ya kira bai yi kama da ɓarawo ba. Ya yi sallama cikakkiya, ya kira shi Baba, ya tambayi iyali da damina, ya ce daga ofishin ilimi yake, an shirya taron karrama tsofaffin malamai, lambar da ta shigo ita ce lambar kujerarsa. Da na tambaye shi daga baya me ya sa ya bayar, sai ya ce, “Garba, yaron ya gaishe ni har da tambayar gona. Mutum ya yi maka wanga ladabi, ka ce mishi a'a a kan 'yar lamba?”

Kafin la'asar ɓarawo ya zama Malam Ummaru, da hotonsa da lambarsa. Ya shiga guruf ɗin iyayen yara ya rubuta cewa matarsa, Inna Tumba, tana kwance rai a hannun Allah, ana neman yi mata aiki, a taimaka a tura abin da ya samu ta wani asusu. Shi ɓarawon yana can wani birni yana jiran waya ta yi ƙara. Bai san mutanen da ya taɓa ba. A garin nan idan an ce maka wane ba lafiya, ba ka tura komai ta iska. Takalmi kake sawa.

Washegari da hantsi ƙofar gidan Malam ta zama kasuwa. Mata da kwanonin kunu da fura, maza a kan babura da kaji a rataye, wata tsohuwa ta zo da rubutu a kwalba, wasu har sun fara hawaye tun daga lungu. Suka shiga suka tarar da Inna Tumba a tsakar gida tana daka, irin dakan da ake jin sa a garin da ke gaba. Ta tsaya da taɓarya a sama ta dube su.

“Wa ya rasu?” in ji ta.

Wata ta ce, “Inna, ke anka ce kina asibiti.”

“Ni? Wane asibiti? Rabona da allura tun haihuwar autana.”

Da farko dariya aka yi. Kajin ma ba a mayar ba. Amma kafin magariba dariyar ta juya, don akwai 'yan garin da ke ci-rani a nesa waɗanda ba su iya zuwa ba, su kam sun tura. Aka fara magana ƙasa-ƙasa: Malam ya kusa ritaya, ko dai ya ga zai tafi hannu biyu ne ya shirya wannan? Wanda ya ɗaga maganar sama shi ne Alhaji Ɗanige, shugaban ƙungiyar iyayen yara, babban mai sayen hatsi, mutum mai murya kamar an kunna injin niƙa. A majalisa ya ce, “Ku bar ni da zancen ɓarawo. Waya ba ta rubutu da kanta. Hotonshi ne, lambarshi ce.”

Magana ta kai makaranta. Malam yana tsaye a gaban allo, wani yaro daga baya ya ce, “Malam, ya jikin Inna?” Aji ya fashe da dariya. Malam ya ajiye alli a kan tebur, ya ɗauki sandarsa, ya tafi gida. Ya aika wa hedimasta cewa ba zai ƙara tsayawa gaban yaran da aka gaya wa shi maƙaryaci ne ba. Ya daina zama majalisa. Masallaci ma sai an tada salla yake shiga, ana sallamewa ya fita.

Hedimasta ya kira ni. Na isa garin ne bayan da ƙarti suka ɗauki babur ɗina a ka suka ƙetare da shi, ni kuma na bi su da jaka a bisa kai, ruwa har wuya, ina karanta duk addu'ar da na sani da wadda ban sani ba. Na zauna a zauren Malam na nemi dawo masa da asusunsa na manhajar hirar, na tarar ɓarawon ya ƙara nasa makulli a kai, dole a jira mako guda. Kafin nan na sa aka cire lambar daga duk guruf ɗin da take ciki, na bi malamai ɗaya bayan ɗaya ina sa musu makulli na biyu a wayoyinsu, liman ya yi sanarwa bayan Juma'a, sanƙira ya zaga kasuwa yana cewa duk wanda ya ga saƙo da sunan Malam Ummaru kada ya tura ko ƙwayar gero. Mako ya cika, na kori ɓarawo, na miƙa wa Malam wayarsa da komai nasa a ciki. Wannan shi ne sashen da aka koya muku a makaranta, kuma shi ne mai sauƙin.

Malam ya karɓi wayar ya juya ta, ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, “Allah shi yi maka albarka. Ka maido min waya. Sauran fa?”

Na san abin da yake nufi. Babu shi a cikin jakata.

Muka kira taron iyaye a ƙarƙashin darbejiyar makaranta. Na jingina allo, na zana waya biyu, na zana kibiya, na zana ɓarawo har da gashin baki. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Mutane suna kallona kamar ina karanta musu labarin wata duniya. Da na gama, Alhaji Ɗanige ya gyara babbar riga ya ce, “Injiniya, kowa ya san ka da iya zance. Amma ni nan da ka gani, nika sayen hatsi tun daga Jabo har Jega, ba a taɓa cuta ta ko da tiya guda ba. Mutum mai hankali ba a shiga wayarshi sai da saninshi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ka ba ni izini in gwada ka?”

“Gwada ni sau ɗari.”

“A gaban liman da hedimasta ka faɗa?”

“A gaban garin nan duka. In ka shiga wayata, ka rubuta abin da ka ga dama.”

A nan ku saurara da kyau, ku sababbi. Wannan ba abin da ake yi ba ne don nishaɗi. Ba a taɓa wayar mutum sai da izininsa, da shaidu, kuma da niyyar mayar masa nan take. Ni ma sau ɗaya na yi, kuma da ba sunan dattijo ne a ƙasa ba da ban yi ba.

Na bar shi har ya manta. A kwanakin Alhaji yana amsa waya kamar soja, ko matarsa ta kira sai ta faɗi sunan kakanta. Da na ga ya saki jiki, lokacin kuma kowa yana neman takin zamani ido rufe, sai na koma garin a ɓoye na zauna a ofishin hedimasta, shi yana gefe a matsayin shaida. Na ari wani layi, na sa hankici a baki, na ɗauko Hausar rediyo irin ta masu karanta labarai, na kira.

Na yi sallama mai tsawo. Na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na tambayi damina. Na ce ina magana ne da Alhaji Ɗanige, babban manomin nan da ake ba mu labari?

Na ji muryarsa ta yi laushi kamar man shanu a rana. “Awo, shi ne. Wa ke magana?”

Na ce daga ofishin rabon taki ne, sunansa ya fito cikin manyan manoma, amma motar tana shirin tashi, akwai lambar buhunansa da za ta shigo wayarsa yanzu, ya karanto mini in sa hannu.

“Ta shigo, ta shigo. Tsaya in sa tabarau.”

Ya karanto mini ita dalla-dalla. Ya sake karantawa don kada in yi kuskure. Sannan ya ce, “Yaro, akwai ƙanena shi ma shina noma ƙwarai, ko in ba ka tashi lambar?” Hedimasta ya cusa hularsa a baki, hawayen dariya na zuba.

Alhaji yana da wani farin bijimi da duk yankin aka sani. Yana ɗaure a ƙofar gida, ana ba shi dusa da kanwa kamar ango, mahauta sun yi zarya har sun gaji. In ka ce Alhaji ya fi son bijimin nan da wasu 'yan uwansa ba ka yi ƙarya ba. Sai na shiga guruf ɗin iyaye, da hotonsa da lambarsa, na rubuta cewa shi Alhaji Ɗanige, saboda Allah da son ilimi, ya ba makaranta farin bijiminsa kyauta, a zo a kwance yau.

Ban taɓa ganin saƙo ya yi gudu haka ba. Addu'o'i suka riƙa shigowa kamar ruwan sama, mata suna aiko guɗa ta saƙon murya, wani daga Sakkwato ya ce dama ya san Alhaji waliyyi ne. Kafin azahar gari ya yi ɗango zuwa gidansa don godiya, liman a gaba, mu a baya, wani bawan Allah har ya taho da sabuwar igiya.

Alhaji ya fito yana murmushi, ya ɗauka taki ne ya iso. Da ya ji abin da ya kawo mutane, murmushin ya tsaya a rabin hanya.

“Wane bijimi? Ni? Wallahi ban rubuta ba. Ni ko rubutun boko ban cika yi ba, ku tambayi kowa.”

Aka nuna masa a waya. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ya rantse da abin da ya sani, ya koma ya tsaya tsakanin mutane da bijimin ya buɗe hannuwa. Mai igiya ya matso. Sai ga murya daga cikin mata, a natse, ba ko ɗagawa. Inna Tumba ce.

“Alhaji, waya ba ta rubutu da kanta. Hotonka ne, lambarka ce.”

Na fito daga bayan liman na cire hula, na yi masa sallama da muryar rediyon nan, na tambaye shi ko ƙanensa yana nan yana noma ƙwarai. Ya dube ni tsawon lokacin da za a iya dafa shayi. Na karɓi wayarsa a gaban kowa na mayar masa da asusunsa, na sa masa makulli na biyu, na goge saƙon, hedimasta ya faɗa wa jama'a yadda aka yi tun daga farko.

Na ɗauka zai yi faɗa, har na duba inda na ajiye babur. Bai yi ba. Ya shiga gida ya fito da hula da takalmi, ya ce wa liman, “Malam, rakiya nika so.” Ya kama hanyar gidan Malam Ummaru, garin duka a bayansa, har da mai igiya.

Malam yana zaune a zaure yana gyaran fartanya. Alhaji, da duk girman jikinsa da babbar rigarsa, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin tabarma.

“Malam, na zo ka yafe min. Na ɗora maka abin da ba ka yi ba. Yau an yi min irin taka, ni da nike cewa ba a iyawa.”

Malam bai ɗago ba. Ya ce, “Ya gaishe ka?”

“Wa?”

“Wanda ya kira ka.”

“Ya gaishe ni, Malam. Har da tambayar kasuwa.”

“To ka gani.” Ya ajiye fartanya. “Tashi, Ɗanige. Tun kana aji ɗaya ba ka yarda da abu sai ka taɓa. Kai ne ka sa yatsa a wutar aci-bal-bal don an ce tana ƙuna.”

Alhaji ya ce ba zai tashi ba sai Malam ya ce zai koma makaranta, kuma shi da bakinsa zai tsaya a gaban yara ya faɗi abin da ya faɗa a nan. Haka kuwa aka yi. Da safe ya tsaya a filin taro ya yi magana da muryar injin niƙan nan, har 'yan makarantar garin gaba suka amfana. Malam Ummaru ya shiga aji ɗaya ya tarar da allinsa a inda ya ajiye shi, don ba wanda ya yarda ya taɓa. Maganar bijimi kuwa, Alhaji ya ce ai tun da an yi masa addu'a ba zai bar ta ta tafi a banza ba, amma a duba masa. Aka yi ta dubawa har bijimi ya koma rago. Yara sun ci nama, bijimin kuma yana nan, ya ƙara ƙiba, ya daina gaisawa da ni.

Abin da aka tura wa ɓarawon bai dawo ba, kada in yi muku ƙarya. Irin wannan ba ya dawowa sai da ikon Allah. Shi ya sa nake gaya muku rabin aikinku a kan tabarma za ku yi shi, tun kafin a kira kowa. Mutanenmu ba wawaye ba ne. An tarbiyyantar da su ne a kan cewa wanda ya gaishe ka da ladabi ba ka juya masa baya, ɓarayin kuma sun gano haka. Ba za ku ce su daina ladabi ba, ba ma za su ji ku ba. Sai dai ku nemo musu hanyar da za su ƙi ba tare da sun ji sun yi rashin kunya ba. Ni abin da nake koya musu yanzu shi ne: kada ka ce a'a, ka ce ya zo gida ya karɓa.

Nakan gwada malamaina lokaci-lokaci, da saninsu cewa ina yi, amma ban faɗa musu rana. Kwanan baya na ce bari in taɓa Malam Ummaru. Na sami sabon layi, na ninka hankici biyu, na fito da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Na yi sallama, na ce daga ofishin fansho ne.

Ya amsa da fara'a. Ya tambayi iyalina. Ya tambayi mahaifana, da maƙwabtana, da shugaban ofishinmu da nasa iyalin. Ya tambayi ko an yi ruwa a wajenmu, da na ce an yi, ya tambayi kamu nawa ya shiga ƙasa. Ina ji katina yana ƙonewa kamar kara a murhu. Da ƙyar na sami rami na cusa maganar lamba shida.

Ya ce, “Ta shigo, ɗana, ga ta nan na adana maka. Sai dai ba ni ba da ita ta waya. Ka zo gida ka karɓa, Tumba ta dama fura. In za ka taho, ka biya Tambuwal ka ɗauko min Garba Injiniya. Muryarku guda, sai dai shi ba ya cin hankici.”

Na je. Furar har da nono.